Abin Da Ke Tsakanin Ƙarfe Da Fenti

Duk wanda ya taɓa sayen ƙyauren ƙarfe a wurin mai walda, ya ga irin sheƙin da yake yi ran da aka kafa shi, sa'an nan ya ga fentinsa ya soma kumbura yana ɓamɓarewa tun damina ta biyu ba ta ɗauke ba, alhali ga tsohuwar mota can a ƙofar gidan maƙwabci ta shekara ashirin rana na dukanta ruwa na zuba mata amma launinta na nan daram, to lalle ya kamata ya tambayi kansa abin da ya raba ƙarfen nan biyu. Galibin mutane za su ce ai fentin mota ya fi tsada, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba, domin da za a ɗebo fentin motar a shafa wa ƙyauren bisa yadda aka shafa masa na farko, da shi ma bai daɗe ba. Asirin yana ƙarƙashin fentin, cikin wani ɗan rufi wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba, wanda ake tsirar da shi a fuskar ƙarfe da ruwan sinadari tun kafin buroshi ko injin feshi ya kusance shi. Mai saye ba ya ganinsa, mai sayarwa ba ya ambatonsa, amma a kansa ƙarkon motoci da firji da jiragen sama ya dogara.

Ƙarfe, wanda Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya sunansa ga sura guda ta Alƙur'ani mai girma, ba a samunsa tsantsa cikin ƙasa sai nadiran. Tama ake haƙowa, wato ƙarfe ne da ya riga ya haɗu da iskar oksijin ya zama dutse, sai an sa masa gawayi da wuta mai tsanani, kamar yadda kakanninmu masu narkar da tama suka yi ƙarni bayan ƙarni, kafin a raba shi da iskar nan. Tun daga sa'ar da ya huce kuwa ba shi da wani muradi illa ya koma ga asalinsa, kuma wannan komawa ita ce muke kira tsatsa. Sharuɗɗanta biyu ne, ruwa da iska, in kuwa gishiri ya shiga tsakani sai ta ƙara gaggawa, shi ya sa ƙarfen da zai shekara goma lafiya a Agadas ko Nguru ba zai yi uku a bakin tekun Ikko ba. Muguntar tsatsa ita ce ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, ga ta da gautsi da ƙofofi, saboda haka maimakon ta rufe abin da ke ƙarƙashinta sai ta kumbura, ta tsage, ta riƙe danshi, ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya. A shekarar 2016 wata ƙungiyar injiniyoyi ta duniya mai suna NACE ta ƙiyasta cewa hasarar da tsatsa da 'yan'uwanta ke jawowa a shekara guda ta kai dala tiriliyan biyu da rabi, wato fiye da kashi uku cikin ɗari na dukan abin da duniya ke samarwa.

Mai karatu zai ce, to ai domin wannan aka yi fenti. Haka ne, amma fenti yana da aibu biyu waɗanda ido ba ya riska. Na farko, ko da ya bushe ya yi tauri, ba ya tare danshi ɗungum. Tururin ruwa yana ratsa shi sannu a hankali har ya iske ƙarfen. Na biyu, ƙarfe mai santsi ba ya ba fenti wurin kamawa, balle a ce da maiƙo a jikinsa. Idan tsakuwa ta ƙwarzane wuri guda, ko da bai fi bakin allura ba, sai tsatsa ta kafa sansani a nan. Kuma da yake aikinta irin na batir ne, inda wani sashe na ƙarfen ke narkewa yayin da wani sashe na gefensa ke karɓar lantarkin da ke fitowa, sai wani ruwa mai kaifi irin na soda ya taru a gefen, ya riƙa cin haɗin da ke tsakanin fenti da ƙarfe, yana saɓule shi daga ciki. Wannan shi ne kumburin da muke gani, wanda in an latsa shi da farce sai ya fashe, jar ƙura ta zubo, a tarar ɓarnar da ke ciki ta ninka wadda ke waje.

Maganin da masana suka gano shi ne kada a bar fenti ya zauna a kan ƙarfe tsirara, a fara juyar da fuskar ƙarfen ita kanta ta zama wani abu dabam wanda ba ya tsatsa, ba ya ɗaukar lantarki, kuma yana da kaushin da fenti zai kama. Bambancin wannan rufi da fenti kamar bambancin lalle ne da jan farce: jan farce yana zaune a bisa, ana iya kankare shi ya fita ɓawo guda, amma lalle ya shiga fata ya haɗu da ita, babu iyakar da za a sa wuƙa a ce nan lalle ya ƙare nan fata ta fara. Haka rufin sinadarin nan yake, domin wani sashe nasa daga jikin ƙarfen aka gina shi.

Tarihinsa ya faro ne daga Ingila. A shekarar 1869 wani mai suna William Alexander Ross ya karɓi takardar mallakar wata dabara ta tsoma ƙarfen da ya yi ja don zafi cikin asid na fosforas domin hana shi tsatsa, amma wanda ya mai da abin sana'a shi ne Thomas Watts Coslett na birnin Bamingham, wanda a shekarar 1906 ya nuna cewa in aka zuba garin ƙarfe cikin wannan asid da aka tsarma da ruwa, aka tafasa, sa'an nan aka dafa kayan ƙarfe a ciki na tsawon sa'o'i, za su fito da wani rufi mai launin toka wanda ke shan mai ya riƙe, ya kuma daɗe bai yi tsatsa ba. Daga nan dabarar ta ƙetare teku zuwa Amurka, inda Clark Parker ya sayi haƙƙinta, shi da ɗansa suka kafa kamfani a birnin Ditroyit a shekarar 1915, daidai lokacin da birnin ke zama cibiyar ƙera motoci ta duniya. Babbar matsalar farko ita ce jinkiri, domin masana'antar da ke fitar da ɗaruruwan motoci a yini ba za ta jira a dafa kowane ƙarfe sa'a biyu ko uku ba. Aka yi ta bincike har cikin shekarun 1930, aka ƙara manganis, aka ƙara tutiya, aka gano sinadaran da ke hanzarta aikin, har abin da ke cin sa'o'i ya koma mintoci kaɗan, ya kuma yiwu a fesa ruwan maimakon a tsoma. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, bindigogin sojan Amurka miliyoyi da wannan rufi aka yi musu launin toka-toka da aka san su da shi.

Asid ɗin nan ba baƙo ba ne gare mu ko da ba mu san sunansa ba. Daga dutsen fosfet ake yinsa, wanda ƙasar Maroko ta fi kowa arzikinsa a duniya, ana haƙarsa a Togo, akwai shi kuma a ƙasar Sakkwato da yankin Tawa a Nijar. Daga gare shi ake yin takin zamanin da manoma ke kira sufa, kuma ɗan kaɗan daga cikin asid ɗin shi ke ba baƙin lemon kwalba ɗan tsamin da yake da shi.

Yadda rufin ke tsirowa kuwa abu ne da ya cancanci a tsaya a yi tafakkuri a kansa, domin akwai hikima mai ban mamaki a ciki. Ruwan tankin asid ne mai rauni wanda aka narkar da fosfet na tutiya a cikinsa, aka kuma daidaita shi a kan gaɓa, ta yadda in tsaminsa ya ragu ko da ƙanƙane ne, ba zai ƙara iya riƙe abin da ya narke a cikinsa ba. Da zarar an tsoma ƙarfe, sai asid ya fara lasar fuskarsa, 'yan ƙananan kumfa na iskar haidurojin su riƙa tashi. Amma asid ɗin da ya ci ƙarfe ya ƙare ke nan, saboda haka a daidai fatar ƙarfen, ban da sauran ruwan tanki, sai tsami ya ragu, fosfet ɗin ya rasa mai riƙe shi, ya sauka ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa, saiwoyinsu a kafe cikin ramukan da asid ya ci, jikinsu kuma gauraye da ƙarfen da ya narke. Ƙwayoyin su yi ta yaɗuwa har su haɗe, kuma idan sun rufe fuskar duka, asid ba shi da sauran wurin da zai ci, sai aikin ya tsaya don kansa ba tare da kowa ya tsayar da shi ba. Wanda ya duba ƙarfen da ido zai ga launin toka ne mara sheƙi, in ya shafa ya ji laushi. Wanda ya duba da madubin da ke girmama abu sau dubu zai ga fili ne cike da tsaunuka da kwazazzabai, kuma cikin waɗannan kwazazzabai ne fenti ke kwarara ya bushe ya kama. Da yake kuma ƙwayoyin ba sa ɗaukar lantarki, batir ɗin nan na tsatsa ba ya samun hanyar haɗuwa, saboda haka ko an ƙwarzane fentin, ɓarnar takan tsaya kusa da inda ta fara.

Sai dai duk wannan yana da sharaɗin inganci guda wanda in babu shi aiki ya ɓaci tun daga tushe, shi ne tsabta. Ƙarfe yakan fito daga masana'anta shafe da mai, domin kada ya yi tsatsa a hanya, kuma duk inda ɗigon mai ya saura asid ba zai taɓa ƙarfe ba, rufi ba zai tsiro ba. Hatta shaidar yatsa guda, da gumi da gishirin da ke cikinta, tana iya fitowa ta zama kumburi bayan watanni. Saboda haka a babbar masana'antar mota, inda gangar jikin mota ke tafiya rataye a sarƙa tana shiga tanki tana fita, sau goma ko fiye, galibin tankunan na wanka ne da ɗauraya. Za a fara da ruwan soda mai ɗumi ya cire maiƙo, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa. Ma'aikata suna da wata jarrabawa mai sauƙi wadda kowa zai iya yi a gida: a watsa wa ƙarfen ruwa, in ruwan ya shimfiɗu ya rufe shi bai ɗaya to ya tsarkaka, in kuwa ya tsinke ya dunƙule ɗigo-ɗigo to akwai sauran maiƙo. Daga nan sai wani tanki mai ɗauke da ƙurar sinadarin taitaniyam, dabarar da wani masani Ba'amurke mai suna Jernstedt ya gano a shekarun 1940; ƙurar nan tana manne wa ƙarfe ta zama iri, ta yadda maimakon ƙwayoyi kaɗan manya masu barin giɓi, sai a sami masu yawa ƙanana matsattsu. Sa'an nan tankin fosfet, mai zafin kimanin digiri 50, na minti biyu zuwa uku, inda kowace murabba'in mita ke ɗaukar abin da bai wuce giram biyu ko uku ba. A ƙarshe a ɗauraye da ruwan da aka tace duk gishirinsa, kafin a nutsar da motar ɗungurungum cikin tankin fentin farko, wanda lantarki ke jawo shi ya shiga kowane lungu da saƙo, a gasa shi a tanderu. Launin da mai saye ke zaɓa, ja ko fari ko shuɗi, shi ne na kusa da ƙarshe a zuwa.

Rufin fosfet iri uku ne. Na ƙarfe zalla shi ne mafi sirantaka da araha, yana da ɗan launin shuɗi-shuɗi, ya isa ga kabad da kujerun ofis da ba sa shan ruwan sama. Na tutiya shi ne na motoci da duk abin da zai kwana a waje. Na manganis shi ne mafi kauri da duhu, ana dafa shi a ruwan da ya kusa tafasa, kuma ba domin fenti ake yinsa ba, domin ya sha mai ya riƙe ne, saboda haka ake yi wa haƙoran giya da sassan cikin inji da bindigogi, kada ƙarfe ya ci ƙarfe a kwanakin farko na aiki.

Wannan ya kawo mu ga fa'ida ta biyu, wadda mutane ba su cika sani ba, alhali ba ta gaza ta farko ba. Maƙerin gargajiya ba ya sarrafa ƙarfe sai ya sa shi a wuta ya yi ja, amma kusoshi da notuna da waya da bututu da muke saye a kasuwa galibinsu a sanyi aka ƙera su, ta hanyar jan sandar ƙarfe da ƙarfin inji ta cikin wata ƙofa da ta fi ta ƙanƙanta, ko matsa ta cikin wani mazubi har ta ɗauki siffarsa. Matsin da ke wurin ya kai ga kowane irin mai aka shafa sai ya tsere, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, su manne, su yagi juna, mazubi mai tsada ya lalace. A shekarar 1934 wani Bajamushe mai suna Fritz Singer ya karɓi takardar mallakar dabarar yin amfani da rufin fosfet a wannan aiki, kuma Jamusawa, da jan ƙarfe ya yi musu ƙaranci lokacin yaƙi, da ita suka riƙa ƙera kwanson harsashi da baƙin ƙarfe maimakon tagulla. Abin da ake yi shi ne a tsirar da rufi mai kauri, wanda ya ninka na fenti sau uku ko fiye, sa'an nan a tsoma kayan cikin ruwan sabulu mai zafi; sabulun ya haɗu da tutiyar da ke cikin rufin ya zama wani sabulu dabam wanda ruwa ba ya narkar da shi, mai santsi ƙwarai, kuma manne da ƙwayoyin da su ma suke manne da ƙarfe. Idan aka ja sandar ta miƙe ta ninka tsawonta, rufin yana miƙewa tare da ita, bai bar ta tsirara ba. Ba don wannan ba, da noti bai yi arahar da ya yi ba.

Ba kowane ƙarfe ne fosfet ya fi dacewa da shi ba. Alminiyam, wato sanholo, da kuma tutiyar da ake lulluɓe kwanon rufi da kusoshi da ita, sun daɗe ana yi musu wani rufi na sinadarin kuromiyam. Shi ne launin nan na ruwan zinariya mai walƙiyar bakan gizo da ake gani a jikin sababbin notuna da ƙarafan cikin rediyo. Tun daga shekarun 1940 jiragen sama suka dogara gare shi, domin yana da wata karama wadda har yau ba a sami mai kama ƙafarsa a cikinta ba: in an ƙwarzane shi, sinadarin da ke ajiye a cikin rufin yakan narke da danshi ya gangaro ya rufe raunin. Amma wannan nau'i na kuromiyam dafi ne, yana cin fata da cikin hanci, kuma likitoci sun tabbatar yana jawo ciwon daji na huhu ga masu shaƙarsa. Tarayyar Turai ta hana shi a kayan lantarki daga 2006, a sababbin motoci kuma daga 2007, sai masana'antu suka koma ga wani nau'in kuromiyam mara wannan illa, da kuma rufin zirkoniyam, wanda ya fi na fosfet sirantaka nesa ba kusa ba, ba ya bukatar a dafa ruwa, kuma ba ya tara laka mai yawa a gindin tanki. A ganina wannan hani daidai ne ko da ya rage ƙarko, domin kare rai yana gaba da kare dukiya. Abin da ke damuna shi ne, abin da aka hana a can bai daina zuwa kasuwanninmu ba, kuma yaron da ke goge tsohon fenti mai ruwan ɗorawa, mai ɗauke da irin wannan kuromiyam, da samfefa, ba ƙyalle a hancinsa, bai san abin da yake shaƙa ba.

Akwai wani reshe na wannan ilmi wanda dukawanmu suka riga suka sani tun ba a haifi Coslett ba. Baƙin da suke yi wa fata, wanda ake kira kuloko, daga ruwan da aka jiƙa kashin maƙera ko tarkacen ƙarfe ake samunsa, kuma ba ya yin baƙi sai ya haɗu da fatar da aka jeme da bagaruwa, domin sinadarin da ke cikin bagaruwa shi ne ke kama ƙarfen ya mai da shi wani baƙin abu mai zama daram. Ruwan da ake sayarwa yau a shagunan fenti da sunan mai kashe tsatsa, wanda in an shafa shi a kan jar tsatsa sai ta koma baƙa cikin mintoci, galibinsa wannan sinadari ne na jima, ko asid na fosforas, ko duka biyun a haɗe.

To, ina wannan ya bar mai waldan bakin titi, wanda ba shi da tanki goma, ba shi da tanderu? Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin mai saye ne ke zuwa ya ce, “Malam, a rage mini, kuma gobe nake so,” kuma aikin da ba a gani shi ne farkon abin da ragi ke ci. Amma akwai abin da zai iya yi da kuɗi kaɗan. Sabon ƙarfe yana zuwa da wani baƙin ɓawo mai shuɗi-shuɗi wanda ya samu tun a wurin murza shi da zafi, da yawa suna zaton kariya ce, alhali gautsi gare shi, zai tsage ya ɗago ya tafi da fentin da ke kansa. Wajibi ne a cire shi da injin gurzawa ko buroshin waya, tare da kashin walda da tartsatsin da ya manne a gefen ɗinki, domin daga ɗinkin walda tsatsa ta fi farawa. Sa'an nan a wanke maiƙo da tina ko ruwan omo mai zafi, da tsumma mai tsabta, ban da wanda aka goge inji da shi, a gwada da ruwa kamar yadda aka ambata. Bayan haka a shafa ruwan fosfet na shago bisa ƙa'idar da ke jikin galan, a bar shi ya yi aikinsa, a goge abin da ya saura, domin asid ɗin da ya kwana ƙarƙashin fenti shi ma ɓarna ne. Da ya bushe kuma a sa jan fentin farko a ranar, kada a bari raɓa ta sauka a kansa, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, ko 'yan kallo su yi ta dafa shi da hannu.

Kwanon rufi da bututun da aka lulluɓe da tutiya suna da nasu hukunci. Wanda ya shafa musu fentin mai kai tsaye zai ga yana saɓulewa falle-falle bayan 'yan watanni, kuma dalili shi ne man da ke cikin fentin yana haɗuwa da tutiya ya zama irin sabulun nan da muka ce yana taimakon masu jan waya. Abin da ya zama rahama a can ya zama musiba a nan, domin fentin yana zaune ne a kan santsi. Magani shi ne a fara sa wani siririn fentin farko mai ɗan asid a ciki, wanda aka yi musamman domin tutiya da alminiyam, ko kuwa a bar kwanon ya sha iska da ruwa na wasu watanni har sheƙinsa ya dushe, a wanke shi, sa'an nan a sa fentin da ya dace da shi.

Mai aiki da waɗannan ruwaye kuma ya sa safar roba da tabarau, ya yi aikinsa inda iska ke kaɗawa, in zai tsarma asid ya zuba asid ɗin cikin ruwa sannu-sannu, kada ya zuba ruwa cikin asid, domin yana iya tafasa ya fantsamo masa a fuska. Abin da ya saura a bokiti kada a tuntsurar da shi a kwata, inda zai gangara rafin da masu lambu ke ban ruwa da shi. A zuba masa farar ƙasa har kumfa ta daina tashi, a bar lakar ta kwanta ta bushe, a kai ta inda ba ta kusa da rijiya.

Mai saye shi ma yana da hanyar tantance aiki kafin ya biya, irin wadda masana'antu ke bi. Su can sukan tsaga fenti da wuƙa har ƙarfe ya bayyana, su sa shi cikin akwatin da ke fesa hazon ruwan gishiri, kashi biyar cikin ɗari, a zafin digiri 35, na ɗaruruwan sa'o'i, sa'an nan su auna milimita nawa tsatsa ta kutsa daga bakin tsagar. Mutum ba ya bukatar akwati: ya roƙi mai walda ya yi wa wani guntun ƙarfe irin aikin da zai yi wa ƙyauren, bayan fentin ya bushe sosai na mako guda ya sa reza ya ja layuka shida a tsaye shida a kwance, kusa da juna, ya manna salatif mai ƙarfi a kai, ya danna da yatsa, ya fizge. Idan gidajen daran suka zauna a wurinsu, sai ɗan abin da ba a rasa ba a bakin layi, ƙarfen ya sami shiri; idan kuwa suka biyo salatif ɗin, ƙarfe ya bayyana fari fat yana sheƙi a ƙasa, to a koma a kankare a sake tun ƙyauren bai bar shago ba.